Gazon, fangalin kayan miya ko itatuwa: wace garka ce ba za ta wahalar da kai a Tawa ba?

Kafin ka sayi ko tsiro ɗaya, ka zauna ka ƙirga watannin da sama ba ta zubar da ruwa a Tawa. Daga Oktoba har zuwa ƙarshen Mayu, wani lokaci ma har cikin Yuni, wata takwas ke nan cur. Ruwan shekara duka yakan tsaya tsakanin milimita 350 da 400, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka. Yamai ta fi mu samu, amma su ma can ba su tsira daga dogon rani ba. Duk abin da ka dasa a tsakar gida, sai an sami wanda zai ɗauki nauyinsa tsawon waɗannan watanni. To, wane ne? A gidajen Adar, wato yankinmu na Tawa, da yawa maigida yana Abijan, ko Libiya, ko Najeriya wajen bida, ko kuma ma'aikaci ne da ke fita da safe sai yamma. Ban ruwan sai ya faɗa kan uwargida da yara, waɗanda dama aikin gida ya ishe su. Na ga garake da dama da aka soma da zumuɗi cikin damina, kafin bazara ta kai tsakiya sun zama itacen hura wuta, kuma ba lalaci ya kashe su ba. An tsara su ne tamkar akwai mai hidima da su kullum, alhali babu.

Shi ya sa ma'aunin da nake auna kowace irin garka da shi guda ne: idan famfo ya ɗauke, ko aka yi tafiyar biki ko ta rasuwa, kwana nawa za ta jure ba a waiwaye ta ba? Da wannan ma'auni za mu duba hanyoyi uku da mutane suka fi bi.

Ta farko ita ce garkar ado, wato gazon (shimfiɗar ciyawa) da furanni irin wadda ake gani a otal-otal da gidajen manya. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kowane murabba'in mita na ciyawa yana neman lita 8 zuwa 10 a rana. Ɗan fili na murabba'in mita 50 ke nan zai sha lita 400 zuwa 500 kowace rana, bido 16 zuwa 20 na lita 25. Ka tambayi mai garuwa na unguwarku nawa yake sayar da bido, ka ninka da kwana talatin. Ga yanka, ga cire baƙuwar ciyawa, ga gara. Kwana huɗu ko biyar babu ruwa a bazara sun isa su ƙone shi. Idan ba kana da rijiyar burtsatse taka da mai kula da garka da kake biya ba, ka bar gazon. Abin da ake nema a wajensa, wato wurin zama mai kyau, yashi mai laushi a ƙarƙashin inuwa yana ba da shi, tabarma kuma ta fi zama daidai a kansa.

Ba duka kayan ado ne ke da wannan matsala ba. Bugenbiliye, da zarar saiwarsa ta kama, yana son rana, kuma ƙarancin ruwa ma ƙara masa fure yake yi. Kariya, mai kaurin gindi da jan fure, ƴar ƙasar nan ce, tana iya wata ba ta ga ruwa ba, sai dai ruwan jikinta guba ne, a nisanta ta da inda ƙananan yara ke wasa. Alobera ma haka take da juriya in an sa ta a inuwa-inuwa. Waɗanda suka fi cin rai su ne furannin cikin tukwane da gwangwanaye: ƙasar ciki kaɗan ce, rana na dafa ta ta kowane gefe, dole a ba su ruwa kullum.

Hanya ta biyu ita ce fangalin kayan miya: salati, tumatir, kabeji, albasa, karas. Nan zuciya ta fi karkata, domin abin ci ne, kuma jiharmu ta yi suna da shi. Albasar Galmi ta kai kasuwannin Abijan da Akara da Kwatano. Amma a tuna yadda mutanen Galmi da Madawa da Ƙonni suke yi. Suna noma a fadama inda ruwa ke kusa, da injin ban ruwa ko ruwan madatsa, kuma sana'arsu ce, a kanta suke wuni. Kai kuwa kana kan tudu, ruwanka na famfo ne mai kwantar. Salati a ƙasa mai yashi safe da yamma yake shan ruwa, kwana biyu aka tsallake ya kwanta. Tumatir na da tsutsa da farin ƙuda. Ƙadangaru da kaji suna cinye tsiro tun yana ganye biyu. A ma'aunina na kwanakin juriya, fangali ne na ƙarshe, ko gazon ya fi shi.

Duk da haka ban ce a bar shi gaba ɗaya ba. A ƙanƙanta shi, a kuma ɗaure shi da lokaci. Fangali biyu na mita ɗaya a mita uku, kusa da wurin wanke-wanke, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kawai, lokacin da sanyi ke rage ƙishin ƙasa. Da zafi ya shigo a rufe shi da kara a bar shi ya huta. Idan damina ta sauka a zuba kuɓewa, yakuwa, lalo, rama da kabewa a wuri guda, sama ta yi ban ruwan, a busar da rarar don miyar rani. Mai yin haka yana cin amfanin fangali wata bakwai ko takwas a shekara ba tare da ya yi kokawa da bazara ba.

Hanya ta uku, wadda ni nake ba da shawara a kai, ita ce garkar itatuwa da tsirrai masu daɗewa. Aikinta a gaba yake taruwa: shekara biyun farko akwai wahala, daga nan sai ta rinƙa sauƙi, sabanin gazon da fangali waɗanda aikinsu na shekara ta goma daidai yake da na ta farko. Amma "itace" ba abu ɗaya ba ne, kuma a nan ne mutane suka fi yin zaɓen da suke nadama.

Kowa mangwaro yake so. Inuwarsa babu kamarta, ƴaƴansa kuma ba sai an faɗa ba. Sai dai mangwaro itacen wuri mai ruwa a kusa ne. A fadama, inda saiwarsa za ta tarar da laima a ƴan mitoci, bayan wasu shekaru yakan riƙe kansa. A kan tudu ko fako kuwa, ban ruwa ba ya ƙarewa, kuma gara na son sa tun yana ƙarami. Lemun tsami ya fi shi sauƙin girma amma shi ma ba ya yafe ƙishi, kuma idan ruwa na kwanciya a jikin gindinsa sai ya fara zubar da ƙaro ya ruɓe, don haka kwanon ban ruwansa zobe ake yi nesa da gindi. Gwanda tana saurin haihuwa, cikin shekara guda, amma ta fi kowa shan ruwa, iskar farkon damina na karya ta, kuma bayan shekara uku ko huɗu sai an sake wata. Gwaiba ta fi su duka haƙuri. Idan ranka ya nace, ka zaɓi guda ɗaya daga cikin waɗannan, ka dasa shi inda ruwan alwala da na wanka ke gangarawa, ya zama shi ne ɗan gatan gidan. Guda ɗaya ana iya riƙe shi. Shida ba a iyawa.

Ga su kuma na gida. Magarya mai aure, wadda ake kira Pomme du Sahel, a ganina ita ce ta fi dacewa da mai son ƴaƴan itace ba tare da wahala ba. Gindin magaryarmu ce ta daji, aka aura mata reshen irin Indiya mai manyan ƴaƴa, kuma cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki sosai wajen yaɗa ta. Saiwar ta san ƙasar, ta san fari, ƴaƴan kuma sun ninka na daji girma sau da yawa, suna nuna a lokacin sanyi. Tana fara haihuwa tun shekarar farko ko ta biyu. Aikinta biyu ne. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama cin ƴaƴa zafi ya shigo, a sassare rassan sosai don sababbi su fito, domin a kan sabon reshe take fure. Sannan duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi, in ba haka ba magaryar daji ta rinjayi ta auren, ka wayi gari da ƙananan ƴaƴa. Tsuntsaye da ƙudan da ke sa tsutsa za su ci rabonsu. A tsince waɗanda suka faɗo a binne, hakan na rage su.

Zogale, ko tamaka yadda wasu ke cewa, shi ne mafi saurin biya. Wata biyu zuwa uku bayan shuka an fara tsinkar ganye. Kada a bar shi ya miƙe sama. A datse shi daidai ƙugu ko ƙirji don ya yi rassa, hannu ya kai. In an hana shi ruwa a rani zai zubar da ganye ya jira damina, in ana ɗan ba shi sau ɗaya ko biyu a mako zai ciyar da gida duk shekara. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, kuma akwai tsutsar ganye da ke far masa. Ƙwallon bedi da aka daka aka jiƙa ya kwana, aka tace aka fesa da yamma, yana taimakawa. Layi guda na gindi goma a jikin katanga ya ishi gida kwaɗo da dambu.

Kuka ma ana iya riƙe ta gajera kamar zogale, a rinƙa datse kanta ana cin ɗanyen ganye, maimakon a jira ta zama uwar itace. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa na da ƙanshi, mata kuma sun huta da saye. Kurna na ba da inuwa da ƴaƴa, ga ganyen magarya da nata da ake nema don wanka. Aduwa ba ta san ƙishi ba ko kaɗan, amma tana da nawa wajen girma kuma ƙayarta doguwa ce, wurinta kusurwar da ba a bi. Gawo, duk da albarkarsa a gona, ya yi wa tsakar gida girma, kuma da damina yake zubar da ganye.

Sai bedi, dogon yaro. Daga Indiya aka kawo shi amma ya zama ɗan gari. Da shi aka yi layukan tare iska na kwarin Majiya a yankin Buza tun daga 1975, da shi kuma aka yi mafi yawan zoben itatuwan da aka soma kewaye Yamai da shi a 1965. Wajen inuwa da sauri da juriya babu mai ja da shi. Amma a cikin gida yana da haraji: shara kullum, saiwa mai bin laima har ta fasa masai ko ta ɗaga daɓe, sannan kusan babu abin da ke yin kirki a ƙarƙashinsa. Ni zan sa shi a ƙofar gida, ta yamma, inda zai tare ranar la'asar, da tazarar mita biyar ko shida daga gini da ramin masai. Cikin gida kuma kurna ko magarya. Wanda filinsa bai wuce 20 a 20 ba, bedi ɗaya ya ishe shi.

Yadda aka dasa itace ya fi irin itacen tasiri a kan yawan wahalar da zai bayar, kuma a wannan fannin Adar ba ta buƙatar malami daga waje. A 1989 wasu manoman yankin Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka dawo suka inganta tassa: rami mai faɗin taƙi ɗaya ko fiye, a tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare, a zuba taki a ciki. Da tassa da rabin wata, wato kwanon tare ruwa mai siffar rabin wata, aka farfaɗo da fako mai yawa a wajen Badagishiri, har filin da aka yi watsi da shi ya koma ana saye da sayarwa. Aikin Keita da aka fara a 1984 ya dasa miliyoyin itatuwa a kan duwatsu da gangare ta hanyar ramuka da jerin duwatsu masu tsayar da ruwa. Dabarar duka ɗaya ce, kada a bar ruwan sama ya gudu, kuma tana aiki a tsakar gida kamar yadda take yi a gona.

Duba rufin ɗakinka. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai mita 10 a mita 8, a shekarar da aka sami milimita 350, ya karɓi lita 28,000, wato tano 140 na lita 200. A yawancin gidaje wannan ruwa ta indararo yake bi ya fita titi ya haƙa kwazazzabo. Tankin da zai riƙe shi duka ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, amma ƙasa na riƙe shi kyauta. A ja ƴar hanya daga bakin indararo, a shimfiɗa mata duwatsu don kada ta zaizaye, ta kai ruwan cikin kwanon da aka yi wa itatuwa, mai zurfin kamar taƙi ɗaya. Kwanon ya kasance aƙalla mita uku daga tushen gini, musamman ginin ƙasa, kuma a bar masa mafita idan ya cika. Ruwan ya kamata ya nutse cikin kwana ɗaya ko biyu. In yana wuce haka, ƙasar ta yi tauri, a sassaƙe ta a haɗa da taki da yashi, don kada a yi kiwon sauro.

Ramin dashe a yi shi tun bazara, kamu ɗaya da rabi faɗi da zurfi. Inda aka tarar da marmara a fasa ta da diga, in ba haka ba saiwa za ta yi ta kewaya a wuri guda. A haɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba, ɗanye na ƙona saiwa yana kiran gara. A dasa a Yuli da zarar ruwa ya zauna. Ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai da ta zama ta dashen itace, lokacin ne tsirrai suka fi yawa a wuraren reno, amma duk makon da aka riga ta riba ce, domin itacen zai sami ƙarin ruwan sama kafin Satumba ta ƙare. Wajen saye kada a ruɗu da dogon tsiro. Wanda ya daɗe a leda saiwarsa ta naɗe, ƙaramin da bai wuce gwiwa ba yakan wuce shi cikin shekara biyu. Zogale kuwa ƙwayarsa ma za a shuka kai tsaye.

A ranin farko kowane itace zai so kamar bido ɗaya a mako, a raba shi biyu, a ƙara idan bazara ta tsananta. Itace goma, bido goma ke nan a mako, ka kwatanta da bido 16 a rana na gazon. Ban ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin shi ke tura saiwa ƙasa. A rani na biyu a rage rabi. A na uku, magarya da kurna da aduwa da bedi sun kama gabansu.

Ta wace hanya za a kai ruwan? Bokiti da tiyo su ne mafi arha, amma suna son mutum a tsaye, kuma rana na shanye ruwa mai yawa. Ban ruwa na ɗigo-ɗigo, tano a kan dakali mai tsayin mita ɗaya da siraran tiyo masu huji, yana tanadin ruwa ƙwarai kuma ya dace da layin zogale ko fangali. Matsalarsa toshewa: ƙura da yashi da gansakuka na cika hujin, sai an riƙa wanke matacin, ɓeraye na huda tiyon don neman ruwa, rana kuma na cinye robar. Wanda ba ya son ƴan gyare-gyare zai gaji da shi. Ga itatuwa ɗaiɗai, ni tulu na fi so. A sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi ba, irin mai tsatsafo, a binne shi har wuya taƙi ɗaya ko biyu daga gindin tsiro, a cika shi a rufe bakin. Ruwan na tsattsafowa a hankali cikin ƙasa, inda rana ba ta kai. Cikawa sau ɗaya ko biyu a mako ta wadatar, yaro ma zai iya, kuma ana iya tafiyar mako guda hankali kwance. Murfin wajibi ne saboda sauro da ƙasa. Bayan shekara biyu, idan itacen ya kafu, a tono tulun a kai wa sabon dashe. Ruwan alwala, na wanke shinkafa da na ɗauraya duk suna da amfani. Na omo mai yawa da na jabel kada su kusanci saiwa.

Kan ƙasar kwanon kada a bar shi tsirara. Karan hatsi da busasshen ganye na riƙe laima, sai dai suna jawo gara. A fako garar ma aiki take yi, ita ke huda ƙasa ruwa ya shiga, amma kusa da ƙaramin itace a bar tazarar tafin hannu tsakanin karan da gindi, a barbaɗa toka. Duwatsu, waɗanda Allah ya hore mana a Adar, su ma suna rufe ƙasa, gara ba ta cin su, kaji ba sa tone su, amma suna ɗaukar zafi, don haka sun fi kyau idan itacen ya fara yin inuwar kansa.

Akuya kuwa, minti goma sun ishe ta ta shafe aikin shekara. Gidan da ke da dabbobi, ko wanda ƙofarsa ke wuni a buɗe, kuɗin kariya ya zo kafin kuɗin tsiro. Ragar waya ta fi daɗewa. Kewayen bulo mai ramuka yana tare akuya da iska duka. Ƙaya ta fi arha amma sai ana sabunta ta. Ga filin da ba a gine ba tukuna, shingen aguwa ya fi: a yanko rassa a kafa su a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, ba sa neman ban ruwa, dabba ba ta cin su, sai dai a kiyaye ido da farin ruwansu. Gefen gabas ya fi buƙatar shinge mai kauri, domin ta can hunturu ke busowa, ta can kuma guguwar farkon damina ke zuwa.

Wanda ke haya, ko ma'aikacin da za a iya canja wa gari kowane lokaci, zogale da kayan damina su ne nasa, zai ci amfaninsu kafin ya tashi. Gidan da maigida ke wajen bida, magarya mai aure biyu ko uku, kurna ɗaya, layin zogale da lalle, kowane itace da tulunsa, aiki ne na rabin awa sau biyu a mako. Wanda gidansa ke fadama yana da rijiya mai kusa, shi ne zai iya ƙara mangwaro da lemu ya faɗaɗa fangali. Kowanne daga ciki ka zaɓa, kada ka cika filin a shekara ɗaya. Ka fara da itace biyar ko shida a daminar bana, ka ga yadda gidan ya iya da su a Afrilu da Mayu, sannan ka haƙa sababbin ramuka don damina mai zuwa.